Sunan da Gunvor ta goge

Duk wanda ya taɓa buga wani adireshi a intanet mai ƙarewa da haruffa biyun ƙasarmu, ya sani ko bai sani ba, ya ratsa ta hannun Gunvor Lomvik. Ba injiniya ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita ce ba. Mai buga tafireta ce da aka ɗauka aiki a ɗakin kwamfutar jami'a a shekarar 1987. Tana da shekara ashirin da huɗu ta sauko daga wani tsibiri na can arewa, da akwati ɗaya da rigar sanyin da mahaifiyarta ta saƙa mata.

A lokacin ba wanda ya zaci abin zai zama wani abu. Wani injiniya mai suna Halvard, mutumin da ba ya taje kai kuma kullum yana neman tabaransa, shi aka danƙa wa haruffan ƙasar daga ƙetare, a wata wasiƙa da ba ta ko cika shafi ba. Aikin bai wuce wannan ba: a riƙe jeri guda na sunaye, kowane suna a rubuta mai shi da na'urar da yake zaune a kanta, don kada mutum biyu su amsa suna ɗaya, kuma don saƙo ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Halvard ya fara riƙe jerin ne a bayan takardar da yake naɗo burodinsa na rana. Ranar da Gunvor ta ga maiƙon cuku a kan sunan wata babbar makaranta, sai ta zare takardar daga hannunsa, ta je kanti ta sayo babban littafi mai baƙin bango ta kwafe su. Sunaye goma sha ɗaya ne. Halvard ya yi dariya har da tari, kuma don tsokana ya raɗa wa ofishin nasu suna svartbok, wato baƙin littafi, aka shigar da shi na goma sha biyu. Rajistar ƙasa da yau take da bene uku da lauyoyi da injunan da ba sa hutu, daga wannan littafin ta fara. Amma da aka yi bikin cikarta shekara talatin, hoton Halvard aka rataye a zaure. Wannan abin har yau yana ba ni haushi, ko da yake ita bai taɓa damunta ba.

Kwamiti ne ke yin dokoki, amma Gunvor ce ke tuna su. A shekarun farko ba a ba mutum suna don kansa, sai kamfani ko ƙungiya mai lambar rajista. Kowa suna ɗaya. Sunan da aka daina amfani da shi kuwa a goge shi, wani ya samu. Manyan 'yan kasuwa sun zo da kwat da murmushi, ta mayar da su. Wani lauya ya taɓa aiko mata furanni, ta mayar masa da su tare da fom ɗinsa, ta ja layi a ƙarƙashin gurbin da bai cike ba. Daga nan aka sa mata Uwar Doka, kuma ba ta ƙi sunan ba. Ba mugunta ce da ita ba. Ita dai ta yarda cewa ranar da aka karkatar da jerin saboda mutum ɗaya, daga ranar ya zama takardar burodi.

Tana da ƙane guda, Arnfinn, wanda ta ba shekara uku. Shi bai bar gida ba. Ya zauna a Lomvik, ɗan lungun bakin teku da zuri'arsu ta samo suna, yana gyaran injinan jiragen kamun kifi a rumfar da mahaifinsu ya bari. A ƙarshen 1998, shekara guda bayan rasuwar mahaifiyarsu, wani ya gaya masa cewa yanzu mai sana'a sai da suna a intanet. Ya samo fom ya cike da biro, ya nemi sunan lomvik. Bai taɓa yi wa rumfar rajista ba, don a ganinsa duk wanda injinsa ya mutu ya san hanya. Da ya zo gurbin lamba sai ya rubuta: "Tambayi kanki, kin san ni."

Fom ɗin ya faɗo a teburinta ranar wata Talata. Ta karanta, ta yi murmushi ma, an ce. Sannan ta tuna sunanta da na mai neman ɗaya ne, kuma duk ofis ya gani. Da ta ɗaga waya ta ce, "Kai, je ka yi rajista ka dawo," da magana ta ƙare a minti biyu. Ba ta ɗaga ba. Ta zaro wasiƙa ta huɗu, wadda ake aika wa duk wanda aka ƙi, mai farawa da "Zuwa ga mai nema". Ta sa hannu G. Lomvik, adireshinta na imel yana ƙasa kamar kullum, gunvor a svartbok.

Bayan kwana huɗu wayar ofis ta yi ƙara.

"Yaya, ni ne mai nema?"

"Arnfinn, haka ake rubuta wa kowa."

"Ni kowa ne?"

"A ofis, e."

Ta ji ƙarar tsuntsayen teku ta bayansa.

"To madalla, Uwar Doka. Tunda a rubuce kike magana da ni, ni ma daga yau a rubuce zan riƙa yi miki magana. Ga adireshinki nan a ƙasa, na gani. Ki jira."

"Ina jira," in ji ta, ta riga shi ajiye waya.

Mu mutanen arewa muna da wani hali da ba na alfahari da shi. Mutum zai fita cikin guguwa ya ceto jirgin maƙwabcinsa, amma ya gwammace ya mutu da ya fara cewa "yi haƙuri". Gunvor ta jira duk lokacin sanyin nan. Kullum da safe kafin ta cire rigar sanyi sai ta duba akwatin saƙonta. Ba komai. Kirsimeti ta wuce, ba komai. Ta ce a ranta, shi ya yi alkawari, shi zai cika.

A watan Maris aikin ya yi wa jami'a yawa, aka mai da rajistar hukuma mai zaman kanta, da sabon gini da sabon suna. A taron ƙaura Halvard ya ce a bar svartbok yana nan, ko don tarihi.

"Mu da muke hana mutane suna biyu, mu ne za mu riƙe biyu?" in ji Gunvor. "Da wane ido za mu kalle su?"

"Haba Uwar Doka, littafinki ne fa."

"Doka ba ta san littafina ba."

Aka aika wa duk mai suna a jerin sanarwar sabon adireshi, ita da kanta ta liƙa ambulan. Ran goma sha biyu ga Afrilu ta goge svartbok da hannunta. Ba a yi mako ba wata maɗaba'a a kudu ta ɗauke sunan. Ta gani, ta ɗaga kafaɗa, ta ci gaba da aikinta.

A watan Oktoba na shekarar, tana duba sababbin sunaye, sai ga lomvik. Lokacin an daina turo fom kai tsaye, ta hannun dillalai ake bi, don haka layi ɗaya kawai ta gani: sunan, da lambar rajista cikakkiya, da Arnfinn Lomvik. Ashe ya yi rajistar. Ta ji daɗi har ta tashi ta zagaya teburinta. Ta ce yanzu kam zai rubuto. Bai rubuto ba. Sai ta ɗauka ya samu abin da yake so ne ya nuna mata ba ya bukatarta, zuciyarta ta ƙara bushewa.

Haka shekara ashirin da biyar ta wuce. Ta yi aure ta fita ba tare da hayaniya ba, ta koma ɗakinta mai kallon kogi da kyanwarta. Halvard ya yi ritaya ya rasu. Sunaye suka haura dubu ɗari, suka haura dubu ɗari biyar, aka bar kowa ya nemi nasa, aka jefa wasiƙa ta huɗu a kwandon shara. Ita kuma ta kawo dokoki biyu da har yau ake aiki da su. Ta farko, sunan da za a goge sai an killace shi kwana talatin, ko mai shi ko magajinsa zai waiwayo, domin an taɓa sakin sunan wani ɗan asibiti, saƙonnin marasa lafiya suka riƙa faɗawa hannun baƙo. Ta biyu, ma'aikacin rajista ba ya taɓa sunan da ke jerin killacewa, ko na ubansa ne.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Duk Oktoba, ranar da ake sabunta lomvik, takan rufe ƙofarta ta buga sunan. In ta ga an sabunta, sai ta ce a hankali, "Yana nan." Iyakar gaisuwarta da ƙaninta ke nan, sau ɗaya a shekara, kuma shi bai san ana yi ba.

Ranar wata Juma'a cikin Satumba, ranar da ake soya waina a ofis, ƙamshi ya cika bene. Torild, abokiyar zamanta ta shekara goma sha biyar, mace mai yawan magana da babbar murya, ta shigo da faranti biyu, kowanne da yankan cuku mai ruwan ƙasa. Gunvor tana karanta jerin killacewa na ranar. Ba aikinta ba ne tun tuni, inji ke yi, amma ba ta taɓa tsallake shi ba.

"Ke dai ba kya gajiya da karanta sunayen matattu," in ji Torild. "Ci ki bar inji ya yi aikinsa."

Gunvor ta ƙara sunkuyawa. Yatsanta yana kan allo, a kan layi ɗaya. Lomvik. Ta ce kuskure ne, ai Oktoba bai yi ba. Ta matsa gefe ta karanta dalili: an soke rajistar sana'ar. Ta ƙara matsawa: mai sana'ar ya rasu, ran tara ga Yuni.

Ta karanta sau uku. Ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

"Gunvor? Lafiya? Ke, fuskarki ta yi fari fat!"

"Ƙanena ne."

"Wane ƙane? Kina da ƙane?"

"Ya mutu. Wata uku ke nan."

Torild ta ajiye farantin a kan takardu, abin da ba ta taɓa kuskuren yi a teburin nan ba. Ta leƙa allon ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! A nan kika gani? A jeri? Ba wanda ya kira ki?"

"Ba wanda ya kira ni."

"Shekara goma sha biyar muna cin waina tare, ban san kina da ƙane ba!" Ta share ido da bayan hannu. "To ɗauki sunan mana. Naku ne. Ki mai da shi sunanki yanzu, ba mai cewa komai."

"Ma'aikaci ba ya taɓa sunan da ke jerin."

"Wane mara imanin ne ya kawo wannan doka?"

Gunvor ta ɗago ta dube ta. Torild ta rufe baki da hannu.

Saura kwana talatin a saki sunan gidansu ga duk wanda ya riga, kuma mutum ɗaya ne zai iya tsai da shi, magajiya, wato Oddny matar Arnfinn. Gunvor ta buga fom ɗin tsai da sunan, ta sa a ambulan. Abin da ta iya ke nan. Kuka bai zo mata ba, sai wani irin sanyi a ciki, da tambaya ɗaya da ke ta juyawa: wane irin laifi ne takarda guda, da har za a binne mutum ba a gaya wa yayarsa ba?

Jirgin sama ɗaya, mota ɗaya, jirgin fito biyu. Da hantsin Lahadi ta sauka a tsibirin. Gidan yana nan da jan fentinsa, an dai canza tagogi. Oddny ta buɗe ƙofa, gajeriya kakkaura, tsohuwar mai dafa abincin makaranta, wadda Gunvor ta sani tun tana budurwa mai yawan dariya. Yau ba dariya. Ta dubi Gunvor daga sama har ƙasa, ta matsa gefe. Gunvor ta cire takalma. A wajenmu ko da wa kake gaba, in ya shigo sai ka ɗora kofi tukuna, don haka ba wadda ta yi magana har aka zuba, kofuna biyu a kan teburin da Gunvor ta koyi rubutu a kansa.

"Na zo ne a kan sunan," in ji Gunvor, ta turo ambulan. "In ba ki sa hannu ba cikin kwana ashirin da takwas, za a sake shi."

Oddny ta kalli ambulan ɗin, ta yi wata gajeriyar dariya mara daɗi.

"Fom. Allah mai iko. Ya mutu, an binne shi, ciyawa ta fito, sannan Yaya ta iso da fom."

"Shekaranjiya na sani. A jeri na gani. Ba wanda ya gaya mini, Oddny."

"Kada ki yi mini wannan a gidana."

"Wallahi ba wanda ya gaya mini."

"Ni da hannuna na rubuta miki! Sau uku! Ranar da likita ya ce ciwon daji ne, da ranar da aka sallamo shi ya zo ya ƙarasa a gida, da ranar da ya cika. Har ranar jana'iza na sa miki, da lokacin jirgin fito. Na ajiye miki kujera a coci, a gaba. Mutane suna ta kallonta."

"Kin rubuta ina?"

"Inda yake rubuta miki mana!"

"Bai taɓa rubuta mini ba. Ko layi ɗaya. Shekara ashirin da biyar ina jira."

Oddny ta ajiye kofinta a hankali. Ta daɗe tana duban fuskar Gunvor, tana neman ƙarya, ba ta samu ba.

"Sa takalmanki," ta ce.

Rumfar tana warin man inji da gishiri kamar da. Kayan kwance inji suna rataye a bango, kowanne a kan zanensa, wani injin jirgi yana kan benci a buɗe, rabin aiki. A lungu akwai kwamfuta da aka lulluɓe da tsumma. Oddny ta yaye ta kunna, ta buɗe wurin saƙonnin da aka aika, ta ja da baya.

"Lahadin farko ta kowane wata. Yakan wanke hannu sau biyu kafin ya zauna. Da yatsa ɗaya yake bugawa, sai ya yi awa guda a kan layi biyar. Ɗari biyu da casa'in da shida ne, na ƙirga bayan ya tafi."

Gunvor ta sunkuya. Layi bayan layi, har ƙasan allo, ta ja ƙasa, suna ta zuwa. Yaya. Yaya. Yaya. Ba ta kai ga buɗe ko ɗaya ba, idonta ya tsaya a gurbin wanda aka aika wa. Gunvor a svartbok.

Ta ji kamar ta taka matakalar da babu. Ta lalubi gefen benci ta riƙe. Komai ya dawo mata a jere, da kwanan wata, don ƙwaƙwalwarta ba ta taɓa yi mata rangwame ba. An aika sanarwar sabon adireshi ga duk mai suna a jerin. Arnfinn ba ya jerin a lokacin, domin ita ta ƙi shi. Abin da yake hannunsa kawai shi ne wasiƙa ta huɗu. Ta ɗaga kai, sai ga ta can an kafe da ƙusa a bango saman kwamfutar, ta yi rawaya, an zagaye adireshin ƙasa da jan biro.

"Wannan adireshin ba ya aiki," ta ce. Muryar ba kamar tata ba. "Tun Afrilun 1999. Wata shida kafin ya aiko na farko."

"Ƙarya ne. In adireshi ya mutu saƙo yana dawowa, ko ni na san wannan. Ko ɗaya bai taɓa dawowa ba."

"Don wasu sun ɗauki sunan. Akwai masu saita na'urarsu ta karɓi duk abin da aka aiko, ko da sunan wa, ta zuba a akwatin da ba mai buɗewa. Ba ta mayarwa, ba ta cewa komai."

"To ina suke? Ina wasiƙunsa?"

"Ban sani ba."

Oddny ta zauna a kan wani akwatin kifi da aka kifa. Bakinta a buɗe, hannayenta a cinya.

"Wane ne ya saki sunan?" ta tambaya. "Wane sakaran ne zai saki adireshin da mutane ke da shi a hannu?"

Gunvor tana iya cewa kwamiti. Tana iya cewa ƙaura ce, ko zamani. Amma a rayuwarta ba ta taɓa shigar da abin da ba haka ba a gurbi.

"Ni ce. An ce a bar shi, na ce doka ta hana. Ni na goge shi da hannuna."

Ruwa yana ta bugun ƙafafun rumfar daga ƙasa. Can Oddny ta fara magana, ba Gunvor take kallo ba, bango take kallo.

"Sau nawa na ce masa, kai Arnfinn, ɗauki waya. Ya ce a'a, na ce a rubuce. Na ce to matar nan ba ta karantawa, kana wahalar da yatsanka a banza. Kin san abin da yake ce mini? Ya ce, ba ki san Yaya ba. Yaya ba ta taɓa barin takarda ba ta karanta ba, ko takardar sabulu ce. Tana karantawa. In ta shirya za ta amsa." Ta ja hanci. "Ni ma na ɗauki wayar sau biyu da ya kwanta. Na ajiye. Na ce macen da ta karanta ƙaninta yana mutuwa ta yi shiru, ba ni zan roƙe ta ba. Na tsane ki, Yaya. Wata uku ina tsanarki, har abinci ba ya mini daɗi. Yanzu kuma ban san inda zan kai tsanar ba."

Nan kukan ya zo wa Gunvor, a tsaye, da ƙarfi, irin na wanda bai saba ba. Ta miƙa hannu za ta buɗe wasiƙa ta farko. Oddny ta tashi ta kashe kwamfutar, ta mayar da tsumman.

"Ba yau ba."

"Oddny, don Allah."

"Na ce ba yau ba. Shi ya jira, ke ma kya iya."

Suka koma ɗakin girki. Kofin ya huce. Oddny ta ture ambulan ɗin da ɗan yatsa.

"Sunan kuma a sake shi. Me zan yi da shi? Ni ba injin nake gyarawa ba."

"Kada ki sake shi." Gunvor ta dafa teburin da hannu biyu. "Ba don ni ba. Akwai wanda bai ji ba tukuna. Wani tsohon da ya gyara wa inji shekara goma da suka wuce, wani aboki a wani tsibiri. Wata rana zai rubuto ya ce, Arnfinn, kwana biyu. Saƙon ba zai dawo masa ba. Zai jira, ya ce Arnfinn ya karanta ya share shi."

Oddny ta bar ambulan ɗin a kan tebur. Ta dubi agogon bango ta ce jirgin ƙarfe huɗu ne na ƙarshe ranar Lahadi, in tana son ta biya maƙabarta gara ta tashi. A bakin ƙofa, Gunvor tana ɗaura takalmi, sai ta miƙo mata biro da bayan wata tsohuwar ambulan.

"Rubuta adireshinki. Mai aiki."

Ta rubuta da manyan haruffa, ta duba sau biyu.

Kabarin yana kusa da na iyayensu, ba a kai ga sa dutse ba, sai farin katako. Ta tsaya a kansa minti goma. Duk maganar da ta tanada shekara ashirin da biyar ta amsa ce, ta wanda aka fara yi wa magana.

Jirgin ya bar gaɓa, ta zauna a ciki kusa da taga, jakarta a cinya. Tsibirin yana ƙanƙancewa. Sun kusa tsakiyar mashigin wayarta ta yi motsi a aljihu. Ta zaro a gajiye, tana zaton Torild ce. Sunan da ke kan allon ya sa ta yi wata ƙara har mutumin da ke gefenta ya zubar da kofinsa.

Arnfinn Lomvik.

Ta buɗe. A sama akwai layi uku na Oddny: "Na sa hannu, gobe zan kai gidan waya. Ɗaya zan riƙa turo miki duk Lahadin farkon wata, yadda ya rubuta su. Ba zan haɗa miki biyu ba, kada ma ki tambaya."

Gunvor ba ta so ta ƙirga ba, amma kanta ya ƙirga da kansa. Shekararta sittin da ɗaya. In za ta ga ta ƙarshe, sai ta kai tamanin da shida.

A ƙasa ga wasiƙar, Oktoba 1999, ba babban harafi ko ɗaya.

"yaya. na yi rajistar. ga lamba ga suna, yanzu ni ma mutum ne a littafinki. iska ta ɗauke rufin rumfar itace shekaranjiya na mayar. oddny ta ce ba ni da gaskiya, ke ma ba ki da ita. ki zo kirsimeti, ɗakinki yana nan ba a taɓa ba. ki amsa in kin gani."